Sai Na Yaye Saibu

"Sauke kayan nan, Kadi!"

"Ba zan sauke ba."

Kadiatu na tsaye a bakin ƙofa, ƙunshin zannuwa a ka, jaririnta Saibu a baya. Mijinta Mutaru, tela a unguwar Bulpiela ta Tamale, ya tare hanya da hannu biyu. Shekarar 1983 ce. Damina ta ƙi, gobarar daji ta cinye abin da ya rage. Masara a Tamale sai an bi layi, ko a hannun 'yan kalabule, masu ɓoye kaya su tsauwala farashi.

"Me na yi miki, hasken idona?"

"Ba ka yi komai ba, Maigida. Ina son ka, ka sani... Shi ne ma abin tsoron. In na ci gaba da kwana ɗakin nan, ciki zan ɗauka."

"To haramun ne?" Mma Salimatu, uwar Mutaru, ce ta jefo maganar daga gindin murhu. "Goma sha ɗaya na haifa, ban taɓa tambayar Allah me za su ci ba. Annabi na alfahari da yawan al'umma, ke 'yar masu shanu kin zo ki rufe mana gida!"

"Nawa suka rayu, Mma?"



Kadiatu ba ta tsaya ba. "Ina shayar da ɗanmu Dramani na samu cikin Saibu. Kuka ce nonon ya lalace, kuka shafa min maɗaci, kuka koma ba shi koko. Lokacin ma akwai kokon! Ina Dramani yau?"

"Ƙarya take, Yaya!" in ji Mariyatu, ƙanwar Mutaru. "An gan ta a asibiti, wurin masu raba ƙwayar hana haihuwa. Da ƙawata Fatu ka aura, da yanzu ta cika maka gida."

"Madarar gari na je roƙo. Ba su da ita," in ji Kadiatu.

Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai. Ta duƙa ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa.

Rugar ubanta Mamadu tana bayan Jisonayili, a gefen gari. Shanu sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ɗan nonon da aka tatsa, da can wagashi, wato cuku, ake yi da shi a kai kasuwa. Yanzu Kadiatu ake ba rabi ta sha, don nata ya kawo. Wani lokacin ya kawo. Wani lokacin Saibu ya tsotsa ya saki, ya yi kukan da ba murya.

Wata rana da azahar sai ga Mutaru a kan keke, ya yi baƙi ya faɗa. Ya same ta a inuwar bukka.

"Mma ce ta aiko ni."

"Na sani."

"Ta ce ko in mayar da ke ɗakina yau, ko in sake ki. In na ƙi duka biyun, ta yafe ni."

Kadiatu ta kwance goyo, ta miƙa masa yaron.

"Riƙe shi ka faɗa. Ina ji."

Ya karɓa. Hannunsa ya yi sama, don ya shirya wa nauyin da babu. Wuyan yaron bai fi babban yatsansa biyu ba.

"Innalillahi... Kadi, haka ya koma?"

"Da nono ke nan. Ka yi tunanin an cire shi."

"Amma arziki na Allah ne..."

"Allah ɗin ne ya ce uwa ta shayar shekara biyu. Ka tambayi Liman in na yi ƙarya. Ban ƙi haihuwa ba, masoyina. Binnewa na ƙi! Ba zan sake wanke ɗana in miƙa maka shi cikin ƙyalle ba... ba zan iya ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Mutaru ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya miƙe, ya nufi inda surukinsa ke zaune, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baffa, a ba ni wurin kafa bukka. Can gefe, nesa da tata. Ba mai kawo ɗinki a gari. Zan bi shanu."

Mamadu ya dube shi sama da ƙasa. "Tela? Ka san gaban saniya da bayanta?"

"Zan koya."

"Uwarka fa?"

"Zan riƙa zuwa gaishe ta. In ta juya min baya, in gaishe da bayan."

Haka aka yi. Duk Juma'a yana zuwa Bulpiela, duk Juma'a Mma na juya masa baya. A ruga, Kadiatu kan ajiye masa abinci a bakin bukka ta koma da sauri, kowa na kau da ido.

Ruwa ya dawo. Masara ta yi. Saibu ya tsaya da ƙafarsa, ya fara korar maruƙa.

Da lokacin yaye ya yi, uwar Kadiatu ta shirya karɓar jika, kamar yadda aka saba kai yaro wurin kaka. Kadiatu ta ce a'a. Ta goya shi har Bulpiela, Mutaru na tura keke a bayanta.

Mma na tankaɗe. Ba ta amsa sallama ba.

Kadiatu ta durƙusa, ta sauke yaron a gabanta.

"Mma, na kawo miki yaye."

Saibu ya taka, ya cusa hannu cikin garin, ya kai baki. Mma ta kai hannu za ta hana shi, sai ta kama damtsensa. Ta matsa. Ta sake matsawa. Ta ɗaga shi da ƙyar ta ɗora a cinya.

"Mariyatu, dama koko. Mai kauri."

Ba ta dubi ɗanta ba, ba ta dubi surukarta ba.

"Ku kuma me kuke jira a kaina? Ɗakinku na nan. Na sa ana share shi."