Abin da Tela Bai Yanke Ba

Ku yi haƙuri da ni. Karanta littattafai na iya, rubutawa kuwa yau na fara. In na yi tuntuɓe, ku kau da kai.

Wata huɗu bayan an yi mata aikin rage tumbi, wata malamar makaranta ta shiga shagon tela da riguna bakwai, duk sun zama buhu a jikinta.

"A rage min," ta ce, ta zube a benci.

Wayarta ta yi ƙara, lokacin ci ya yi. Ta ciro 'yar roba da cokalin shayi. Rabin ƙwai ne. Ta yi ta tauna, fuska a yamutse kamar mai shan magani. Tela ya miƙo mata ruwa.

"Sai bayan rabin awa."

"Ruwan ma layi yake bi?"

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Duk wata sai ta dawo da rigunan, don kullum ƙara zubewa take. Ta gaji da awon loma, ta gaji da masu cewa "ƙara mana kaɗan". Shi kaɗai ba ya cewa. Saƙo kawai yake turowa: "'Yar cokalina, rabin awa ta cika, sha ruwa."

Da ya ce zai aure ta, mahaifiyarsa ce ta ƙi. "Yarinyar da cokali uku ke ƙosarwa? Gashinta ma zuba yake. Ciwo take ɓoyewa."

"Umma, ku raka ta ganin likita, ku ji da kunnenku."

Ta raka ta. Ta dawo tana mita, amma ta sayi ƙaramin faranti.

Ana haka, wata safiya malama ta juya rigarta za ta goge. Sai ta ga yadin da ta ce a rage yana nan a naɗe cikin ɗinki. Ta duba sauran, duk haka suke. Ko zare bai yanke ba.

Abin da take tsoro ke nan kullum: kada ƙiba ta dawo.

"Ashe ka ajiye min wurin komawa," ta rubuta masa. "Kai ma jira kake."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. Ran na goma ya same ta a ƙofar makaranta da almakashi a aljihu.

"Ga shi, yanke da kanki. Ni ban iya ba."

"Don ka san zan koma."

"Ban sani ba. Likitanki ma bai sani ba. Ni dai so nake duk yadda kika wayi gari, ki sami rigar sawa a gidana."

Ta jingina da bango.

"Rigar auren fa? Yaya za ka yi da ita?"

"Yadda kika ce, ranki ya daɗe."

"Bar yatsa biyu. Biyu fa, ba buhu ba."

An ɗaura aure. Amarya ta ci cokali huɗu, surukarta ta hana kowa ya ce ta ƙara. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Ni kuwa tun mutane na amsa amin na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta ƙofar baya.