Kwabo Biyun Baba Clarrie

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In kuwa ya haɗu da cin amana, ba buɗe ƙofar yake yi ba, ɓalle ta yake. Ga abin da ya faru a garinmu Burrenjie, mai kunne ya ji.

Washegarin ranar tunawa da sojoji, da hantsi, aka kira Sufeto Des Tregoning zuwa kulob ɗin tsofaffin sojoji. Manajan wurin, Merv Hanlon, ya tare shi yana gumi, ya kai shi gaban wani akwatin gilashi da aka ɓalle.

"Kwabo biyun Baba Clarrie, Sufeto. An ɗauke."

Tsofaffin kwabban jan ƙarfe ne da Clarrie Dunstan ya je yaƙi da su ya dawo da su. Sau ɗaya a shekara ake fito da su, ranar da doka ta yarda a yi cacar cilla kwabo. A ɗora biyun a kan ɗan katako a wurga sama. In fuskar sarki ta fito a duka biyun, masu sarki sun ci. In baya ne, masu baya. In sun saɓa, a sake.

"Kuɗin giyar jiya fa?"

"Suna cikin durowa. Dala dubu tara, ba a taɓa ba."

Sufeto ya tsaya. Ɓarawo ya tsallake dubu tara ya ɗauki kwabon da ko biredi ba zai saya ba? Ruwa ba ya tsami banza. Ya sunkuya, ya ga ɗigon baƙin mai a kan ƙyallen akwatin.

"Beryl ce," in ji Merv. "Ita kaɗai ta buɗe wurin da safe. Na sallame ta."

Beryl Kostakis, mai shara, tana zaune a bayan kicin da jakarta a cinya. Shekara sha tara ke nan tana wannan aiki, da shi take riƙon jikoki biyu.

"Kai Des, ni da na share maka majina, yau ni za ka tuhuma?"

"Tambaya ce kawai, Inna. Kin bar ƙofa a buɗe?"

"Na fita zubar da shara, minti goma. Ko gaisawa ban yi da kowa ba."

"Jiya wa ya ci kuɗi a cacar?"

"Trevor mana, mijin 'yar Len Pascoe. Mutumin da ko tikitin sa'a ba ya saye, maƙo ya hana shi! Bayan ƙarfe uku ya tsaya a baya, baya, baya. Sau goma sha ɗaya sarki bai leƙo ba."

Len Pascoe shi ne alƙalin filin cacar. Shi ke ɗora kwabo, shi ke tsince shi in ya faɗi, kuma al'ada ta hana alƙali saka ko sisi.

Sufeto ya nufi gidan Baba Clarrie. Tsohon, wanda ya makance shekara goma da suka wuce, yana zaune a baranda da kofin shayi.

"Wa ke nan? Takun Tregoning ne wannan. Ɗan mai gadinmu! Zamanin da muke buga cacar nan a daji, ubanka ke hawa bishiya yana duba mana 'yan sanda. Yau ga ɗansa da hular hukuma."

"Duniya juyi-juyi, Baba."

"Juyi kam. Da, a kore mu da kulki. Yanzu rana guda a shekara har sajan na sa tasa dala biyar."

"Jiya kana wurin?"

"A bakin fili, kamar kullum. Ba na gani, amma ina ji. Kwabon kirki in ya tashi sama kuka yake, siririn kuka. Bayan ƙarfe uku ɗaya na kuka, ɗaya kuwa tim yake faɗowa kamar murfin kwalba. Na faɗa, aka ce tsufa ne."

"Wa ya mayar da su akwati?"

"Len ke mayarwa. Amma jiya raina bai kwanta ba. Ana cillawar ƙarshe na ce Merv ya tsince su daga ƙasa ya kulle, ya ba ni makulli. Ga shi a wuyana."

Sufeto ya juya hularsa a hannu. "Baba, me ya sa ake ɗora su baya a sama, da farin fenti a gicciye?"

"Don kowa ya ga bayan, ya san ba kwabo mai sarki biyu ba ne. Da shi 'yan damfara ke cuta a da."

"To in mai baya biyu ne fa?"

Tsohon ya ajiye kofin a hankali.

"Shekara sittin ina wannan wasa," ya ce. "Kowa mai sarki biyu yake tsaro."

Sufeto ya sami Trevor a shagonsa na nama.

"Sa'a ce, ranka ya daɗe. Mafarki na yi."

"Nawa mafarkin ya kawo?"

"Kamar ɗari biyar."

"An ce dubu huɗu da ɗari biyu."

Trevor ya shiga goge wuƙar da ba ta da datti.

Garejin Len na ƙarshen titi. Ya fito daga ƙarƙashin wata akori-kura, hannu duk baƙin mai.

"Tun ƙarfe bakwai ina nan, Des. Ban je ko'ina ba. Kai, abin Beryl ya ba ni tausayi, talauci bai yi ba."

Sufeto ya shiga ciki. Yana zagaya teburin aiki kamar mai neman sayen wani abu. Ya shafa yatsa kusa da matsin da ake danne ƙarfe a goge, ya ɗaga, ga garin jan ƙarfe yana ƙyalli. A gefe kuma ɗan gwangwanin farin fenti, da buroshi siriri kamar na ɗan makaranta.

"Wace mota ake wa fenti da wannan, Len?"

"Na jikata ne."

"Jan ƙarfen nan ma nata ne? Fuskar sarki aka goge wa kwabo biyu a nan, aka manne abin da ya rage."

Hannun Len ya kai aljihun ƙirji, inda gwangwanin tabarsa yake, ya dafe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ɗan sam mini taba," in ji Sufeto.

"Ka daina sha tun bara."

"Yau na koma."

Sufeto ya karɓi gwangwanin tabar, ya zazzage a kan tebur. Kwabo uku suka gangaro. Ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana cillawa da babban yatsa. Na farko ya yi kuka. Na biyu ya yi kuka. Na uku ya faɗo tim. Ya juya shi: farin gicciye nan, farin gicciye can.

"Kwabo biyu kulob ya rasa, kai uku gare ka."

Len ya zauna a kan tsohuwar taya. "Awa guda kawai na sa shi. Da na musanya a ƙarshe, ba mai sani. Makahon nan ya sa aka kulle nawa a akwati. In baɗi wani ya juya shi, kowa ya san hannun wa ya bi. Dole na ɗauko."

"Ka ɗauko, ka bar wa Beryl kayan."

"Ban zaci Merv zai kore ta ba."

"Da ya kore ta ka buɗe baki?"

Len ya sunkuyar da kai. Sufeto ya sa masa ankwa, ya wuce da shi ta gaban shagon nama, aka ɗauki Trevor.

Beryl ta koma aikinta ranar Litinin, bayan Merv ya je har gida ya ba ta haƙuri tana tsaye a ƙofa ba ta ce ya shigo ba.

Len kuwa, garin neman gira ya rasa ido. Dubu huɗu da ɗari biyu aka mayar wa masu ita. Tarar dubu biyu, ɗaurin wata shida, gareji a rufe. Shekara ashirin da biyu na alƙalancin fili suka tafi, aka kankare sunansa daga allon kulob. Rabonsa a cinikin dubu biyu da ɗari ne, ko dala ɗaya bai kai ga kashewa ba.