Mai Shara da Yaɗiyar Baba

Can da daɗewa, a wani gari da ruwa ke wuya, an yi wani tsoho mai ɗan lambu. Bishiyar lemo ɗaya ce a ciki, yaɗiya kuwa ta shimfiɗu ta rufe ƙasa. Da ajali ya matso, ya kira 'yarsa ya ce, "Ki bar yaɗiyar nan, ita ke riƙe wa lemona sanyi."

Ta ce, "To, Baba."

Ita kuwa mace ce mai son shara. Wata rana maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Haba, ke da aka sani da tsabta, kin bar ciyawa ta cinye lambu?"

Kunya ta kama ta. Ta ɗauki fartanya ta tuge yaɗiya, ta share, ta share, har ƙasa ta fito tas. Kowa ya zo sai ya yaba.

Bazara ta shigo, rana ta gasa ƙasa har ta dare. Ta zuba ruwa da safe, kafin azahar ya ƙafe. Ganyen lemo ya zube, ta share. Ya sake zubewa, ta share. Ran nan ta fito da tsintsiya, ba ta sami abin sharewa ba.

Da damina ta faɗi, yaɗiya ta sake tsirowa ta rufe ƙasa, amma lemo bai farfaɗo ba. Ta jingine tsintsiya a jikin busasshen itacen, ta ce, "To, Baba, yanzu na ji."