Gurasar Ɗaci a Gidan Inayat Masih

Rubina na zaune a tsakar gidan iyayenta, in har za a kira wannan ƙonannen bangon gida. Jiya aka binne babanta, Inayat Masih, wanda hayaƙi ya shaƙe ranar da matasa suka banka wa unguwar Kiristoci wuta kan wata jita-jita marar tushe. Abin da ya fi ƙona mata rai, an ga Tanwir, ƙanen mijinta, riƙe da galan ɗin fetur.

Mijin nata Shafkat Musulmi ne. Auren soyayya suka yi, kowa da addininsa, dangi suka yi surutu har suka gaji. Tun safe yake tsaye a ƙofar gida, an hana shi shiga.

"Ki ce masa ya tafi," in ji mahaifiyarta, Barkat Bibi. "Kin gama zaman gidansu. Ko ni, ko su."

"Mama, shi fa ya goyo Baba daga cikin wutar."

"Ƙane ya kunna, wansa ya goyo. Godiya zan yi musu ke nan?"

Rubina ta sunkuyar da kai tana hawaye. Tana son mijinta kamar ranta, amma da wane ido za ta tsallake uwar da ta rasa miji da muhalli rana ɗaya?

A nan Panjab ba a hura wuta a gidan mutuwa. Surukai ke kawo abincin farko, gurasar ɗaci ake ce masa. Babu wanda ya sa rai. Sai ga Zubaida, uwar Shafkat, ta shigo da faranti a ka, ƙafa ba takalmi. Masu zaman makoki suka bi ta da kallo.

"Mai da kayanki, Zubaida," in ji Barkat. "In muka taɓa farantinki ai sai kin yar. Ba ke ce kika ware wa 'yata kofinta daban kamar mai cuta ba? Kin taɓa cin girkinta?"

Gaskiya ta faɗa. Rubina ta haɗiye wannan wulaƙanci tun tana amarya, tana matsa wa tsohuwar ƙafa, tana shafa mata mai a ka, ba ta taɓa kai ƙara ba.

"Ni ce," in ji Zubaida. "A hannuna Tanwir ya koyi ƙyamarku. Ni na yi da kofi, shi ya yi da fetur. Da kaina na miƙa shi ga 'yan sanda."

Ta zare mayafinta ta ajiye a ƙafafun Barkat, furfurarta a waje gaban maza. Mace a wajenmu ba ta da roƙon da ya wuce wannan. Sannan ta gutsuro gurasa ta kai bakin Rubina.

"Ci, 'yata."

Rubina ta ciza da ƙyar. Tsohuwar ta mai da ragowar, wadda bakin yarinyar ya taɓa, cikin nata bakin, ta cinye tana kuka.

"Wannan ba zai dawo min da mijina ba," in ji Barkat.

"Ba zai dawo ba, 'yar'uwa. Shi ya sa ban ce ki manta ba."

Barkat ta daɗe tana kallon mayafin. Can ta duƙa ta ɗauka, ta kakkaɓe masa toka, ta rufa wa Zubaida a ka.

"Rubina," ta ce ba tare da ta juyo ba, "je ki shigo da mijinki kafin rana ta kashe shi."

Rubina ta tashi ta nufi ƙofar gida. Haƙurinta bai tashe mamaci ba, amma ya tsirar da aurenta, ya karya zuciyar da faɗa ba zai karya ba. Iyaye, ku kula: ƙiyayyar da ke ƙona unguwa a ɗakin girki take fara girma, kuma a can ya kamata a kashe ta.