Minti Uku Ne Kawai

Ranar da Khairiyya ta fara taka makarantar Katolikan nan ta Wudil, wadda mutanen gari suke kira makarantar Fada, da sabon takalmi mai tsini ta shigo. Kwalejinsu ce ta turo ta koyon koyarwa na wata uku, ita kuwa ta ci alwashin ba wanda zai ga alamar baƙunta a tare da ita. Tana tsakiyar baranda, takalmin yana ƙwas-ƙwas a kan siminti, sai ƙararrawa ta buga.

Nan take makarantar ta tsaya cak. Yaran firamare da ke guje-guje suka ƙame a inda suke, 'yan sakandare suka miƙe tsaye a azuzuwansu, har matar da ke shara ta jingine tsintsiyarta. Khairiyya kaɗai ke tafe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, duk makarantar tana jin ta.

"Malama, a ɗan tsaya," wani ya ce ƙasa-ƙasa a gefenta. "Minti uku ne kawai."

Ta tsaya. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ko a fuska ba ta nuna ba. Ta saci kallonsa: dogo ne, baƙi, hannun rigarsa duk farin alli. Kansa a sunkuye, leɓɓansa suna motsi, babban yatsansa yana bin gaɓoɓin sauran yatsun.

Da aka gama, hayaniya ta dawo, ya juyo yana murmushi.

"Sunana Garzali, ni ke koyar da lissafi a sakandare. Kullum sha biyun rana Kiristoci suna da addu'arsu. Mu Musulmi ba ma yi, tsayawa kawai muke mu ba su wuri su gama."

"To ai na ga bakinka yana motsi."

"Salati nake. Na ga minti uku ne a banza, na ce gara in ci ribarsu."

"Da sai ka rubuta a bakin ƙofa, don baƙi masu takalmi."

"Da na rubuta, da ban ji wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba."

Ta harare shi ta wuce ofishin shugabar makaranta, Sista Rahila, amma a kan yatsun ƙafa ta ƙarasa.

Da yamma, bayan la'asar, saƙo ya shigo wayarta. A jerin lambobin malamai Garzali ya samo tata.

"Malama Ƙwas-ƙwas, da fatan an isa gida lafiya. Gobe ma akwai sha biyu. Na tanadar miki wurin tsayawa."

Ta karanta sau uku, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Malam Minti Uku, na gode. Na iya tsayuwa da ƙafata, ba sai an tanadar min ba."

Washegari dai a wurin ta tsaya, da silifa a ƙafarta.

Wata ukun nan ba ta san yadda suka wuce ba. Aka ba ta aji uku na firamare, yara talatin da shida, akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa Islamiyya, dukansu kuma bakinsu ɗaya wajen surutu. Ta ga yadda ake zama a makarantar. A gindin darbejiyar bayan ofis akwai tabarmi da butoci, Sista Rahila ce da kanta take duba ko an cika randa kafin azahar. Ranar Laraba da safe, idan Kiristoci suka tafi cocin da ke cikin harabar, Garzali ne ke haɗa ƙananan yaran da suka rage yana yi musu wasan lissafi da ƙwallon goruba. Da wa'adinta ya cika, Sista ta ce ba inda za ta, ta ɗauke ta aiki.

Shi kuwa Garzali tuni ya san hanyar gidansu. Duk Asabar da yamma yana zaure, da kifin bakin gada a leda, wai na Umma ne.

"Khairi," ya ce mata wata rana, "ni fa na gaji da minti uku. So nake a ba ni ranar gaba ɗaya."

"Ranar gaba ɗaya ba a hannuna take ba. Ka san ƙofar da ake bi."

"Idan na turo, kin amince?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Wanda ya iya lissafi ai ba sai an faɗa masa amsa ba."

Magabatansa suka zo daga Darki. Mahaifinta, Malam Isyaku, tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya ya koma noman albasa a Utai, mutum ne da ba ya gaggawa ko a cin tuwo. Ya ce a ba shi mako biyu ya yi bincike, kamar yadda ake yi. Ya ɗora aikin a kan ƙanensa, Baffa Gwadabe.

A nan aka samu matsala. Baffa Gwadabe ba mugu ba ne, amma mutum ne da idan ya ga abu sau ɗaya, an gama, ko alƙali ba zai sake masa ra'ayi ba. Ga shi kuma akwai Jamil, ɗan amininsa, mai shagon taya a bakin titi, wanda ya yi shekara yana aiko wa Khairiyya turare tana mayar masa. Jamil ne ya ce wa Baffa, cikin ladabi, idan yana son ya san ko wane ne malamin nan, ya je makarantar da ƙarfe sha biyu daidai.

Baffa ya je ranar Talata. Bai shiga ba, ta ƙofar ƙarfe ya leƙa. Ya dawo yana salati tun daga zaure.

"Yaya, da idona na gani, ba labari aka ba ni ba! Ƙararrawar coci na bugawa ya ƙame a tsakiyarsu, ya sunkuyar da kai, bakinsa yana motsi tare da nasu. Yaron nan sunan Musulmi kawai ya rage masa."

Malam Isyaku ya saurare shi har ƙarshe. Daga baya ya ce ranar Asabar zai aika Darki a ba su haƙuri.

Khairiyya tana ɗakin Umma ta ji komai. Hawaye suka zo, ta bar su suka zubo na ɗan lokaci, sannan ta goge. Ba ta ji tsoron gaskiyar maganar ba, don ta san abin da ta sani. Tsoronta ɗaya: Baba idan ya aika saƙo, ba ya janye shi.

Ta sa hijabi ta fita tsakar gida ta durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, a gafarce ni, ba wurina ba ne in sa baki."

"Ina jin ki."

"Baffa bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Ni ma kullum ina tsayawa, yadda ya ga an tsaya."

Baba ya ɗago ya dube ta. Umma ta dafe ƙirji daga bakin ƙofa.

"Kai ka yi min tarbiyya, Baba, ka san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka je da kanka ranar Juma'a, kafin sha biyu, ka shiga ciki, ka zauna har ƙarfe ɗaya. Abin da ka yanke bayan nan, wallahi ba zan ce uffan ba."

"Wato ki je ki shirya yaron kafin in je ke nan," in ji Baba.

Ta zaro wayarta ta ajiye a kan tabarma. "Ga ta. A makaranta ma ba zan yi masa magana ba sai ka je."

Kafin Umma ta ɗauke wayar, saƙo ya shigo, Khairiyya ta gani a fuskar wayar:

"Khairina, yau ban ga murmushinki ba. Yara sun ce na rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Ki taimaki ɗalibaina."

Ba ta amsa ba. Kwana biyu tana kauce masa a baranda, tana ganin yadda fuskarsa ke canzawa, abin yana ci mata rai ƙwarai. Ranar Alhamis da sha biyu ya zo ya tsaya inda suka saba, ita kuwa ta tsaya a cikin aji. Ta so ta leƙa ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, amma ta riga ta ba Baba magana.

Ranar Juma'a, sha biyu saura kwata, ta hango Baba ta taga. Ya shigo da malafarsa ta gona har ta rufe masa goshi, ya zauna a bencin maigadi. Garzali ya fito daga ɗakin malamai da littattafai a hannu, ya nufi ajinsa ta tsakiyar fili. Baba ya tashi ya bi bayansa. Sai ƙararrawa.

Kowa ya tsaya, ban da Baba, da ya ci gaba da takawa har ya zo daf da kafaɗar Garzali. Ta ga Garzali ya ɗan karkata kai ba tare da ya waiwaya ba, ya faɗi wani abu. Ba ta ji ba, amma ta san ko mene ne. Ta ga Baba ya tsaya. Ta ga ya ɗan matsar da kunnensa. Ita kanta ranar ba ta san me ta karanta a minti ukun ba.

Da aka gama Garzali ya juyo, ya ga fuskar da ke ƙarƙashin malafa, littattafai suka zube. Ya durƙusa har ƙasa yana gaisuwa. Baba ya amsa a taƙaice, ya koma benci ya zauna.

Sha biyu da rabi aka tashi firamare, amma 'yan ajin ƙarshe na sakandare suna da ƙarin darasi har biyu saboda jarrabawa. Ƙarfe ɗaya saura kaɗan, Sista Rahila ta fito daga ofis da alli a hannu, ta tsaya a ƙofar ajin.

"Malam Garzali, lokaci ya yi. Kwashe 'yan masallacinka, kada ku rasa huɗuba."

Samari goma sha ɗaya suka fito suka nufi butoci. Khairiyya tana baranda tana haɗa littattafan yara, ta ji Baba ya matso yana tambayar Sista ko kullum haka ake yi.

"Shekara huɗu ke nan, Baba," in ji Sista. "Da, yaran nan Juma'a tana wuce su. Shi ya zo ya same ni a ofis ya ce ba zai yiwu ba. Na ce to wa zai riƙe sauran? Ya ce ke. Ni da lissafi kuwa ba ma ga maciji, sai da ya zaunar da ni ya koya min. Har yanzu idan na kakare, yara ke gyara min."

Baba ya juya. Ya je gindin darbejiya ya ɗauki buta ya yi alwala, ya bi sahun yaran suka fita tare.

Da yamma ya sa aka kira Baffa Gwadabe. Khairiyya da Umma suna ɗaki, kunne a bakin labule.

"Gwadabe, ka ga daidai, amma daga nesa ka tsaya. Ni na je kusa. Salatin Annabi yake yi, ya fi ni kyautata shi. Kuma ya tsayar da ni kamar ɗan aji ɗaya, wai Baba a ɗan tsaya, minti uku ne kawai."

"To amma Yaya, tsayuwar fa?"

"Mutanen da suka cika maka randa ka yi alwala, ba za ka iya yi musu shiru na minti uku ba? Gobe kai za ka je Darki. Ka ce na ba su."

Umma ta rangaɗa guɗa tun kafin Baffa ya fita. Ta miƙa wa Khairiyya wayarta, saƙo goma sha huɗu a ciki. Na ƙarshen ya ce:

"Ban san laifina ba, amma ko mene ne na ɗauka. Ina nan tsaye inda kika bar ni."

Ta rubuta, tana dariya tana share ido:

"Minti Ukuna, zauna ka huta. An ba ka ranar gaba ɗaya."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, wata biyu da wannan rana, Baffa Gwadabe ne waliyyi. Jamil bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ranar nan Sista Rahila aji biyu ta riƙe, na ango da na amarya, da yamma kuma ta zo gidan biki da malamanta, ta kama hannun amarya ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka. Umma ta amsa da amin har sau uku.

Ranar Litinin ta biyu, da amarya ta koma aiki, Baba ya aiki Baffa ya kai wa malamai goro da alewar ɗaurin aure. Khairiyya tana baranda kusa da angonta ta hango shi ya shigo, babbar riga tana jan ƙasa, ƙunshin goro a hannu. Yana tsakiyar fili ƙararrawa ta buga.

Baffa ya ɗaga ƙafa zai taka, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya mayar da ita a hankali. Ya rungume goronsa ya sunkuyar da kai. Daga inda take, Khairiyya tana ganin leɓɓansa suna motsi.