Farin Katin Marigayi Silviu

Madubin da ke bakin ƙofa a lulluɓe yake da zane, kamar yadda ake yi a gidan makoki a nan, sai dai gefe guda ya zame, har Sufeto Otilia Bejan ta hango kunnenta a ciki sa'ad da take goge takalmi. Ta miƙa hannu ta gyara zanen, sannan ta shiga falo.

Gidan a saman wani tsohon bene yake, a birnin Iasi. Ko'ina ƙamshin kyandir ne da na dafaffiyar alkamar sadakar mamaci. Uwar gidan, Profira, tana zaune cikin baƙaƙen kaya, hannuwanta a cinya. 'Yarta Raluca tana tsaye jikin taga, ita ce ta kai ƙara.

"Mai gyara ne ya yi wa ƙanena sata, ranki ya daɗe," in ji Raluca. "Mamaci fa! Ko kunya babu."

"Fara min daga farko."

Ciwon asma ne ya kashe Silviu, saurayi da bai daɗe da gama makaranta ba. Jibi Asabar za a yi sadakar arba'in, ranar da ake ɗaukar abin da mamaci ya fi so a ba wani sa'ansa, don ya same shi a can. Abin da Silviu ya fi so kwamfutarsa ce ta wasa. Da Profira ta yaye zanen da ta rufe ta da shi tun ranar rasuwa, ta danna, fanka ta juya amma allo ya ƙi kawo hoto.

"Ba a bayar da abu a lalace," in ji Profira, ba ta ɗago ba. "Shi ya sa na kai gyara."

"Sai mai gyaran ya ce wai katin da ke kawo hoto a allo ne ya ƙone, a sayi wani," Raluca ta karɓe. "Jiya na sauka daga Torino, na je shagon. Ya kwatanta min wanda ya cire, wai baƙi mai fanka biyu. Ni na sayo wa Silviu katinsa da guminta. Fari ne, fanka uku."

Ta miƙa waya. A hoton, wani siririn saurayi yana dariya, ya rungume farin kati kamar jariri. A ƙarfen gefen katin an ɗaura zare ja da fari.

"Ranar ɗaya ga Maris na ɗaura masa a hannu, yadda muka saba duk shekara don neman sa'a. Ya kwance ya ɗaura wa katin, wai shi ya fi buƙatar sa'a."

Otilia ta leƙa ɗakin marigayin. Gado a gyare, abin shaƙarsa na asma yana nan a kan tebur.

"Wa ya shiga nan bayan rasuwar?"

"Kowa," in ji Profira. "Lokacin zaman makoki ba a rufe ƙofa."

"Wa za ki ba kwamfutar, Mama?"

"Ba a faɗa kafin ranar."

Shagon Zamfir mai gyara yana bayan kasuwa, ƙarƙashin matakala. Dattijo ne mai ƙaton ciki, tabarau biyu a rataye a wuyansa.

"Ina katin da ka cire?"

"Na jefar, ranki ya daɗe. Me zan yi da gawa?"

"A wace bola?"

"To... motar shara ai ta wuce."

Otilia ta tsaya tana kallon kwandon da ke ƙarƙashin teburinsa, wanda ya cika da tsofaffin wayoyi har yana zuba. Mutumin da bai iya jefar da guntun waya ba, ina zai jefar da kati?

Zamfir ya yi tsaki, ya jawo aljihun tebur. "Fankokin nake so, ƙalau suke. In wannan ne laifin, a rataye ni."

Baƙin kati ne, fanka biyu. Da ta ɗauka sai ya manne mata a yatsa. Ƙurar jikinsa ta zama rawaya, ta daskare kamar danƙo. Ta kai shi hanci.

"Taba," in ji ta.

"Shekara da shekaru na taba. Ni kuwa likita ya raba ni da ita tun zamanin da nake ganin ƙafafuna in na sunkuya."

Ta tuna abin shaƙar da ke kan tebur. Wannan katin bai taɓa zama a ɗakin mai asma ba.

"A gaban wa ka buɗe kwamfutar?"

"A gaban tsohuwar, da saurayin da ya ɗauko mata, Codrin, abokin marigayin. A nan ya tsaya, inda kike."

"Ya ga katin?"

"Da idonsa."

"Me ya ce?"

Zamfir ya sosa ƙeya. "Ko uffan. Na jera musu sababbi guda uku a kan teburin nan. Na ce wannan na duba wasiƙa ne da kallon fim, wannan zai ja wasa amma da nishi, wannan kuwa ko yaƙin duniya aka kunna ba zai yi tari ba. Tsohuwar ba ta gane komai ba. Ta juya ta ce masa, 'Codrin, in kai ne, wanne za ka ɗauka?' Ya nuna mafi araha, ya ce kowanne ma ya isa, Inna. Ɗan wasan kwamfuta fa! Ni tunda nake ban taɓa ganin ɗan wasan da ya nuna ƙarami ba."

"Ita fa?"

"Ta ce za ta yi tunani."

Codrin yana zaune a ɗaki ɗaya can gefen gari, kusa da inda jirgin ƙasan cikin gari ke juyawa. Otilia ta tafi da Kofur Axinte. Sai da suka buga sau da yawa kafin ya buɗe, abin sauraro a wuya, sigari a yatsa. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi ko da yake rana tsaka ce.

"Tun yaushe ka san Silviu?"

"Tun firamare. Ni na ɗauki akwatin gawarsa ta gaba."

"Ka san kwamfutarsa?"

"Sama-sama."

"Mahaifiyarsa ta ce tare kuka haɗa ta."

Ƙarya ta yi, Profira ba ta faɗa ba. Amma Codrin ya kau da kai. "To, na riƙe masa fitila."

"Katinsa wane launi ne?"

"Ban tuna ba."

A bayansa allo yana kunne. Tankokin yaƙi suna ratsa dusar ƙanƙara, hoton sumul, ko gezau. An jingina akwatin kwamfutar da bango, ɓangaren gilashin yana kallon siminti.

"Taka tana gudu da kyau," in ji Kofur Axinte. "Tawa in na kunna wannan, sai ta yi kukan injin niƙa."

"Ta hannu na saya, a kasuwar Lahadi."

"Wurin wa?" Otilia ta tambaya.

"Wani mutum."

"Kofur, juya min akwatin."

Axinte ya juya shi. Ta cikin gilashi, fankoki uku farare suna juyawa. A ƙarfen gefe, zare ja da fari yana rawa cikin iskarsu. Farin ya fara yin rawaya.

Codrin ya zauna a bakin gado. Tokar sigarin ta faɗi a kan wandonsa, bai kaɗe ba.

"Me ya hana ka yanke zaren?"

"Na ɗauko almakashi," in ji shi. "Na kasa."

"Yaushe ka cire katin?"

"Rana ta biyu ta makoki. Katina ya mutu a makon. Daren farko na zauna a ɗakinsa, ina kallon zanen da aka rufe ta da shi. Washegari na dawo da nawa a jaka, na musanya." Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta sanarwa. "Suna falo suna waƙar coci. Na ce ai ba wanda zai sake kunna ta. Na ce za ta ruɓe ne kawai a ƙarƙashin zane."

Otilia ta jira ta ji wani abu a ranta, haushi ko tausayi. Babu abin da ya zo. Ta ce wa Axinte ya kashe kwamfutar.

Da la'asar aka kira matan biyu ofishin 'yan sanda su shaida kayan. Farin katin yana kan tebur cikin leda. Codrin yana kan benci, kansa a ƙasa.

Raluca ce ta fara shigowa. Ta dubi katin, ta dubi Codrin, bakinta ya buɗe.

"Kai? Kai da ka ci abinci a gidanmu fiye da ni? Na je na zage dattijon mutane a gaban kasuwa, ashe ɓarawon yana riƙe mana kyandir!"

Profira ta shigo a bayanta a hankali, rungume da wani kwali mai sheƙi. Otilia ta gane shi, daga shagon Zamfir ya fito. Babban katin ne, wanda ba ya tari.

"Mama, kin saya?" Raluca ta ce. "Don Allah faɗa masa. Faɗa masa wa kika saya wa!"

Tsohuwar ta ƙara rungume kwalin.

"To ni zan faɗa, a bar ni da zunubin. Kai ne, Codrin. Kai za ta ba ranar Asabar, da allon, da kujerar, da komai. Har rigarsa mai hula ta goge maka. Shi ya sa ta tambaye ka wanne kake so, wawa."

Codrin ya ɗago. Ya dubi kwalin, ya daɗe yana dubansa.

"Inna," ya ce.

Kofur Axinte ya taɓa kafaɗarsa. Ya tashi ba gardama, aka bi da shi ta dogon baranda, ƙarar takalmansu tana raguwa har aka rufe wata ƙofa.

"Za a mayar muku da katin in an gama rubuta bayani," in ji Otilia. "Zan yi ƙoƙari ya fito kafin Asabar, Mama. Kwamfutar za ta koma yadda ya bar ta."

Raluca ta share ido da bayan hannu. "A ba wa kuma?"

Profira ta ajiye sabon kwalin a kan bencin, daidai inda Codrin ya tashi. Ta matso tebur, ta buɗe ledar, ta sa farce ta kwance zaren nan ja da fari. Ya kamata Otilia ta hana ta, kayan shaida ne. Ta mayar da idonta kan takardun gabanta.

Da ta sake ɗagowa, tsohuwar ta kai ƙofa, hannunta a dunƙule cikin aljihun baƙar rigarta. Ta ja ƙofar a hankali, yadda ake yi in akwai mai barci a gida.