Randar Tasalla Ta Tsage

A wani zamani can baya, an yi wata mai ginin tukwane, sunanta Tasalla. A gidan da ta fara aiki, in tukunya ta tsage, uwar ɗakinta takan yi ta zagi har maƙwabta su leƙo. Saboda haka Tasalla ta koyi dabara guda: in ta ga tsaga, ta shafe da yumɓu, ta yi gum.

Da zama ya kai ta wani gari, ta kama aiki wajen wata tsohuwa, Inna Kande. Ran nan ana shirin gasa tukwane, sai ta ga randarta ta tsage. Har hannunta ya kai ga yumɓu, ta tuna randa mai tsaga in ta sha wuta fashewa take yi, ta farfasa na kusa da ita. Ta ɗauko ta, ta kai wa tsohuwar, ta ce, "Inna, ta tsage."

Inna Kande ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce wa sauran maginan gidan, "Mata, ku zo mu duba."

Suka kewaye randar, suka ɓantare wurin, sai ga tsakuwa. Ashe sabon yumɓun da aka ɗebo ne bai tsintu ba. Kowace ta koma ta duba nata, aka ware masu tsaga, sauran suka fito daga wuta jajur, ana guɗa.

Tun daga ranar, in tukunya ta tsage a gidan, muryar Tasalla ake fara ji: "Mata, ku zo mu duba!"